Magidanci da Sitiyarin Roba

Bayan sallar isha'i, idan yara sun kwanta gida ya yi tsit, akwai wani lungu a falona da nake jan kujera in zauna. Ɗan ƙaramin tebur ne da kwamfuta a kai, da sitiyarin roba da na maƙala a bakinsa, ga totur da birki a ƙasa daidai inda ƙafa za ta same su. Da na kunna, sai ga ni a cikin kan tirela ƙirar Scania a tashar jiragen ruwa ta Rotterdam, an yi mini lodin katako, ana jiransa a Prague. In duba madubin dama, in duba na hagu, in saki birkin hannu, in lallaɓa in fita daga get don kada gindin tirelar ya gogi katanga. Daga nan sai titi, sai ruwan sama yana dukan gilashi. Awa ɗaya nake yi, wata rana ɗaya da rabi. Shekaruna arba'in da 'yan kai, ina da aikin ofis, ina da iyali, kuma yau kusan shekara shida ke nan ina wannan tuƙi.

Tambayar da nake sha a wurin abokai iri ɗaya ce: "Ƙato da kai, gemai-gemai, kana buga gyam?" Ba na raina tambayar. A wurinmu ana auna girman mutum da kamun kai da yadda yake sarrafa lokacinsa, kuma duk wanda ya ga yadda samari suke cika shagunan gyam tun hantsi har dare yana da hujjar yin fargaba. Amma ina so a duba majalisar da ake jefo mini tambayar daga cikinta. A nan ake kwashe awa uku ana dara ko ludo ko draf, a nan ake musun Arsenal da Chelsea har murya ta dashe, kuma babu wanda ya taɓa cewa girman wani ya faɗi. Abin da ya ja wa gyam baƙin jini shi ne ta hannun yara ya shigo mana. Sai dai yaran da suka buga Sega da Nintendo a shekarun 1990, waɗanda suka yi layi a shago suna biyan kuɗi don su buga Winning Eleven a PlayStation, su ne magidantan yau. Ba su bar abin ba, da shi suka girma. A Amurka ma, rahotannin ƙungiyar kamfanonin gyam ta ESA sun daɗe suna nuna cewa matsakaicin shekarun mai buga gyam ya haura talatin.

Ba duk gyam nake karewa ba. Maganata a kan nau'i ɗaya take, wanda zan kira gyam na kwaikwayon sana'a. A cikinsa ba a harbi, ba a kashe dodo, sau da yawa ma babu ci babu faɗuwa. Aiki ake ba ka: ka tuƙa tirela, ka tashi jirgin sama, ka nome gona, ka gina gari, ka riƙe ƙungiyar ƙwallo. Asalinsa ma ba daga wasa ya fito ba. A 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ɗebi zugazugi da bututai daga masana'antar kayan kiɗa ta mahaifinsa ya harhaɗa wani akwati mai motsi kamar jirgi, don mutum ya koyi tuƙi ba tare da ya bar ƙasa ba. Da wannan akwati aka horar da ɗimbin matuƙa a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma jikokinsa ne na'urorin da ake koyar da ɗalibai da su a makarantu irin ta koyon tuƙin jirgin sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964. Da kwamfuta ta shiga gidaje sai abin ya biyo ta. Microsoft Flight Simulator ya fito a 1982, ya girmi Windows kanta. A 1989 Will Wright ya fitar da SimCity, bayan kamfanoni sun yi ta ja da baya saboda ba su ga wanda zai sayi wasan da ba a cinye shi ba. Farming Simulator ya zo daga Suwizalan a 2008. Wanda nake bugawa, Euro Truck Simulator 2, wani kamfani ne a Jamhuriyar Cek mai suna SCS Software ya fitar da shi a 2012, kuma har yau ana ƙara masa ƙasashe da hanyoyi.

Mu ma abin ba baƙonmu ba ne. Wane ne a cikinmu bai feƙe karan dawa ya yi motar kara ba, ko ya fasa gwangwani ya yi ta langa-langa, ya yanka tsohon silifa ya yi mata tayoyi, ya ja ta da zare yana kukan inji da baki? 'Yan mata kuma suna gefe suna tuwon ƙasa. Yaro yana kwaikwayon aikin da yake hango wa kansa. Babba kuwa, a ganina, yana komawa ne ga aikin da rayuwa ta ratse da shi daga kansa. Ni tun ina firamare babu abin da yake burge ni kamar in ga tirela ta sha kwana. Karatu ya kai ni wani wajen, kuma ban yi nadama ba, amma sha'awar ba ta mutu ba.

Duk da haka tsohuwar sha'awa ba ta isa ta bayyana abin ba. Tambayar da ta fi wuya ita ce: me zai sa mutumin da ya yini yana aiki ya dawo gida a gajiye, ya sake ɗaukar wani aikin da ba za a biya shi ko sisi ba? Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma amsar da na samu ta fito ne daga irin aikin da yawancinmu muke yi da rana. Ka rubuta takarda, ta tafi wani tebur ta kwanta wata biyu. Ka gama naka, na sama bai sa hannu ba. Ka yi ƙoƙari shekara guda, wanda ya san wani ya tsallake ka. Ɗan kasuwa ya sayar da kaya da riba, ya koma saro sabo ya tarar kuɗin bai isa ba. Igiyar da ta haɗa ƙoƙari da sakamako ta yi sako-sako a rayuwarmu, har mutum ya kwanta da dare bai san abin da yininsa ya haifar ba. A cikin gyam ɗin nan kuwa igiyar a ɗaure take tamau. Ga kaya, ga nisa, ga lokacin da ake so su isa. Ka kai lafiya a biya ka cif. Ka gogi wata mota a cire kuɗin gyara. Ka tsallake danja tara ta hau kanka nan take, babu "ka san ko ni wane ne", babu "oga a duba mana". Ka fara a matsayin direban haya, ka tara, ka ci bashin banki ka sayi motarka, ka biya bashin, ka buɗe gareji, ka ɗauki direbobi. Awa ɗaya a duniyar da doka take aiki a kan kowa daidai hutu ne na gaske ga wanda ya yini a inda ba ta yi.

Akwai kuma daɗin iya abu. Idan ka isa inda za a sauke kaya, gyam ɗin yana ba ka zaɓi: ko a ajiye maka tirelar, ko ka shiga wuri mai sauƙi, ko ka yi ribas ka cusa ta tsakanin wasu tireloli biyu. Makonni na yi ina fama da na ukun. Tirela ba ta bin hankalin mai ƙaramar mota. In kana so gindinta ya tafi hagu, dama za ka fara murɗawa, kuma da zarar ta karye sai ka bi ta da sauri, in ba haka ba ta naɗe kamar wuƙar aljihu. Sai ka ja gaba, ka miƙe, ka sake. Daren da na fara shigar da ita tashi ɗaya ba tare da na ja gaba ba, na jima a zaune hannuna a kan sitiyari. Babba yakan daɗe bai ji wannan ba. Muna kaiwa wasu shekaru sai mu daina koyon sabon abu da hannu, mu koma maimaita abin da muka riga muka iya.

Ina da kawu da ya yi shekara talatin yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, ya sauka da shanu ko albasa ya hauro da kayan kanti, tun ana bi ta Birnin Gwari a faɗa Tegina da Mokwa a haye gadar Jebba. Ciwon baya ne ya sauke shi. Wata rana ya zo ganin likita ya kwana a gidana, sai ya tarar da ni a lungun nan. Ya tsaya a bayana bai ce uffan ba har na sha kwana biyu, sannan ya ce, "Ɗan nan, tashi in gani."

Na tashi. Ya gyara zama, ya naɗe hannun riga, ya taka totur kaɗan ya saki. "Motarka ba ta da nauyi," in ji shi. "Mota a ƙugu ake jin ta. Kafin taya ta zame, jikinka ya riga ya gaya maka."

Na ce, "Kawu, ai ta kwamfuta ce."

Ya ce, "Na sani. To ina yaron mota? Kuma tun ɗazu kake tafiya, babu wanda ya tsayar da kai? Ba shinge, ba rami, ba wanda ya ce kawo takardu?"

Da muka isa wurin sauke kaya na nuna masa zaɓin nan uku. Bai ko kalli biyun farko ba. A karo na biyu ya cusa ta daram, yana kallon madubi kawai. Abin da ya ci mini makonni bai ci masa minti biyar ba. Sannan ya ce in sake ba shi wani lodin, ya kama titi, ya yi shiru. Shekara takwas rabonsa da sitiyarin babbar mota.

Maganar Kawu ta nauyi ita ce amsata ga masu kambama abin, masu cewa gyam makaranta ce. Gaskiya ne an samu waɗanda suka tsallaka daga allo zuwa fili. Nissan da Sony sun fara gasar GT Academy a 2008 don zaƙulo direbobin tsere daga cikin masu buga Gran Turismo, kuma Jann Mardenborough, ɗan Birtaniya da ya ci gasar a 2011, ya zo na uku a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a 2013. Max Verstappen, wanda ya sha zama zakaran Formula 1, ba ya ɓoye cewa yana tsere a kwamfuta. Ƙungiyar Everton ta ƙulla yarjejeniya a 2008 don amfani da rumbun bayanan 'yan wasa na gyam ɗin Football Manager. Amma Mardenborough sai da aka sa shi a mota ta gaske aka horar da jikinsa, kuma irinsa ɗaya ne cikin dubbai. Ni ba zan hau tirela a hanyar Zariya ba don na iya ribas a falo. Ban ma ga dalilin da zai sa sai an nemo wa abin sha'awa riba kafin a halatta shi ba. Babu wanda yake tambayar mai kiwon tattabaru ko mai dara abin da ya ƙaru da shi.

Abin da waɗannan wasanni suke koyarwa da gaske shi ne yadda abubuwa suke haɗe da juna. A Cities: Skylines, wanda wani ƙaramin kamfani a Finlan ya fitar a 2015, kai ne shugaban gari. Ka sa bututun ƙazanta a saman kogi, na shan ruwa a ƙasa, sai ka ga asibitoci sun cika. Duk wanda ya san kogin Jakara ba sai an yi masa bayani ba. Ka ga cunkoso ka ƙara wa titi faɗi, bayan ɗan lokaci ya sake cika, domin matsalar tana mahaɗar da ke gaba, ko kuma ka tara duk kasuwanni a gefe ɗaya na gari duk gidaje a ɗaya gefen. Tun da na buga shi, idan na tsaya a cunkoso idona yakan tafi ga inda motocin suke fitowa da inda suke matsewa. Wannan ƙaruwa ce, kuma ba ƙarama ba.

Sai dai kowane kwaikwayo akwai abin da mai shi ya zaɓa ya bari a waje, kuma a nan babba ya kamata ya fi yaro buɗe ido. Stone Librande, wanda ya jagoranci tsara SimCity na 2013, ya faɗa da bakinsa cewa da suka auna girman filayen ajiye motoci a biranen gaske, sai suka ga in sun saka su yadda suke wasan zai zama abin gundura, don haka suka ɓoye su. Ke nan garin da kake ginawa an riga an share masa ɗaya daga cikin manyan illolin mota. A Flight Simulator na 2020, wanda aka gina duniyarsa daga hotunan tauraron ɗan'adam, masu wasa sun tarar da wani siririn bene mai hawa 212 a wata unguwar Melbourne, saboda wani ya yi kuskuren rubuta lamba a taswirar da aka ɗebo bayanai daga cikinta. Na taɓa tashi da ƙaramin jirgi daga filin Malam Aminu Kano a kwamfutar wani abokina. Ga Dala, ga Goron Dutse, ga manyan tituna duk a mazauninsu, amma gidajen cikin gari kintacen na'ura ne. Babu lungu, babu zaure, babu rumfunan Kurmi.

Wanda ya fi damuna shi ne na gina gari. A can shugaba yana rushe unguwa da danna linzami sau ɗaya. Babu diyya, babu kotu, babu mai unguwa, babu tsohuwar da aka haifa a gidan take cewa a nan za ta mutu. Babu 'yan garuwa, babu Adaidaita Sahu, babu mai shayi a bakin kwana, alhali waɗannan su ne suke riƙe da garuruwanmu. Mutumin da ya daɗe yana kallon jama'a daga sama a matsayin ɗigo-ɗigo yana iya fara zaton duk matsalarmu ta rashin mai ƙarfin hannu ce da zai share ya sake zane. Tsabtar da take ba ni hutu a gyam ita ce kuma take iya rage mini haƙuri da mutane na gaske. Na lura da hakan a kaina, kuma ina tsoronsa fiye da ɓata lokaci.

Ɓata lokacin ma na ɗanɗana. Waɗannan wasanni ba su da ƙarshe, kullum akwai lodi ɗaya da ya rage. A shekarata ta farko na sha kaiwa ƙarfe biyu na dare, kuma sau da yawa jam'in asuba ya wuce ni. Abin da ya farkar da ni 'yata ce. Ta zo da allonta tana so in ji haddarta, na ce, "Bari in ajiye motar nan, Mamana." Da na waiwaya ta yi barci a kan kujera, allon a ƙirjinta. Tun daga ranar na yanke wa kaina cewa ba na kunnawa sai kowa ya gama da ni, kuma sha ɗaya ta yi na kashe ko da kaya suna tsakiyar hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka larurar kamuwa da gyam a kundin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, ya fara aiki a 2022, kuma alamomin da ta zayyana ba yawan awanni ba ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran lamuran rayuwa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma hakan ya ɗore kamar shekara guda. Ma'aunin bai yi nisa da wanda malamanmu suke sa wa kowane wasa ba: kada ya shagaltar daga salla da haƙƙin iyali, kada caca ta shiga.

Caca kuwa ta shiga wasu. Akwai wasannin da ake sayar wa mutum ƙunshi a rufe da kuɗi na gaske, bai san abin da ke ciki ba sai ya buɗe. Beljiyom ta yanke a 2018 cewa irin wannan caca ce, har kamfanin EA ya daina sayar da makin gyam ɗinsa na ƙwallo, FIFA, a ƙasar a farkon 2019. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa na tsaya a kan tirelata shi ne abin da ka biya shi kake samu. Duk da haka kuɗi ne, kuma da dala ake lissafinsa: kwamfuta mai ƙarfi, sitiyari, sababbin taswirori, sola ko man janareta, ga data in Flight Simulator ne, don shi daga intanet yake jawo duniyarsa kana cikin tafiya. Magidancin da kuɗin makarantar 'ya'yansa yake kansa ya je ya sayi sitiyari, to masu tambayar nan sun yi gaskiya a kansa.

Hujja mafi ƙarfi da aka taɓa kawo mini wani abokina ne ya kawo ta. Ya ce dara da mutane ake yin ta, a ƙofar gida, kana yi ana gaisawa, ana jin wane ba shi da lafiya, wane an yi masa haihuwa. Gyam kuwa ɗaki ake shiga a rufe ƙofa. Na san akwai jama'a a can ma. A dandalin intanet na VATSIM mutane suna zama a gidajensu suna aikin masu kula da zirga-zirgar jirage kyauta, suna magana da matuƙan kwamfuta da irin kalmomin da ake yi a hasumiya ta gaske, masu tirela kuma suna haɗa ayari ta intanet. Amma wanda kuka yi ayari da shi daga Folan ba zai zo jana'izar mahaifinka ba. Ban iya rushe hujjar abokina ba. Abin da na yi shi ne na fito da teburin daga ɗakin kwana na dawo da shi falo, inda duk wanda ya shigo zai gan ni, ya kuma katse ni.

Burin da ya rage mini shi ne in ga hanyoyinmu a allon nan. 'Yan Indunusiya sun yi nasu, Bus Simulator Indonesia, da motocinsu da fentinsu da irin hon ɗinsu, kuma ana buga shi a wayoyi nesa da ƙasarsu. Muna da samari masu iya rubuta manhaja, muna da gingimari masu zane da rubutu a goshi, muna da hanyar Kano zuwa Maraɗi, da hazon hunturu, da kasuwar Dawanau, da tsofaffin direbobi irin Kawu waɗanda kowace kwana da kowane gangare suna cikin kansu, babu kuma wanda ya zauna ya ɗauki abin da suka sani.

Da ƙaramar salla Kawu ya sake zuwa. Bayan an ci abinci ya nufi lungun da kansa, ya ce a nemo masa lodi mai nauyi. Ya kira ɗana mai shekara tara ya tsayar da shi a gefen tebur, ya ce daga yau shi ne yaron mota, ya koya masa yadda ake ɗaga hannu da abin da ake faɗa. Ina kicin ina zuba shayi ina jiyo yaron yana cewa, "Taho, Kaka, taho, taho, karya hagu, dakata!"